Kaɗanyar Kebbe da Tambuwal: Itacen Mai da Har Yau Ba a Yi wa Biki Ba

Idan sanyi ya kankama a arewacin Saudiyya, birnin Sakaka na lardin Jauf kan cika ya tumbatsa. Manoma ne ke hallara da man zaitun ɗin da suka tatsa a kakar shekarar, kowa ya kafa rumfarsa, ya jera kwalabe da gwangwanaye. Masu saye na zagayawa suna ɗanɗanawa, masana na gwada ingancin man, a ƙarshe a karrama gonakin da suka yi zarra. Kwanaki ake shafewa ana wannan hidima. Lardin da mai jin labari daga nesa zai ɗauka rairayi ne zalla, yau miliyoyin itatuwan zaitun ne a cikinsa. A 2018 ma kundin bajinta na Guinness ya sanya wata gona ta can a matsayin gonar zaitun ta zamani mafi girma a duniya.

Ba Saudiyya kaɗai ba. A garin Martos da ke kudancin Sifaniya, ƙasar da ta fi kowace samar da man zaitun, ranar 8 ga Disamba ranar zaitun ce tun daga 1981. A ranar ake matse man farko na shekara a gaban jama'a da tsohuwar na'ura irin ta kakanni, sannan a raba wa dubban mutane burodin da aka kwarara wa sabon mai. A Amman, babban birnin Jodan, akwai bikin zaitun na ƙasa da ake yi bayan an gama girbi. A Falasɗinu kuwa watannin Oktoba da Nuwamba na zaitun ne: gida guda ke fita, kaka da jikoki, a yi shimfiɗa a gindin itace ana kaɗowa ana tsincewa, duk da tsangwamar da suke sha a hannun 'yan kama-wuri-zauna. A 2019 hukumar UNESCO ta ware 26 ga Nuwamba ta zama ranar itacen zaitun ta duniya.

Bahaushe ba baƙon zaitun ba ne. Yaron da ke makarantar allo tun yana ƙananan surori yake haɗuwa da sunansa a Suratut Tin, in ya yi nisa kuma ya sake tarar da shi a Suratun Nur. Alhazai na ɗauko mansa cikin tsaraba tare da dabino da zamzam. Duk shagon magungunan Musulunci da mutum ya leƙa a Tambuwal, da wuya ya rasa kwalbarsa kusa da habbatus sauda da zuma. Sai dai itacen kansa ba na nan ba ne. Zaitun na son ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure yadda ya kamata, ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 kuwa ba ta yi masa wannan gatan. A Filato da kudancin Kaduna akwai atili, wanda wasu ke yi wa laƙabi da zaitun ɗin Afirka, amma shi ma bai hauro arewa maso yamma ba.

Abin da Allah ya ba kudancin Sakkwato shi ne kaɗanya, ko kaɗe kamar yadda aka fi faɗa a wannan yanki. Ita ma itacen mai ce, ita ma tana shekaru ɗaruruwa a tsaye, ita ma ta ciyar da al'umma ta warkar da su tun kafin a san mota. Bambancin kawai, babu wata rana guda a shekara da mutanen Tambuwal ko Kebbe ke taruwa da sunanta.

Daga dawa zuwa ƙoƙo

Tambuwal na bisa babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, kimanin kilomita 100 daga birnin Shehu. Tsohon ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe a zamanin daula. Kebbe kuwa tana can ƙuryar kudu, inda jihar Sakkwato ta haɗa iyaka da Zamfara da Kebbi. Matafiyin da ya baro Sakkwato zai lura da yadda ƙasa ke sauya kama: aduwa da bagaruwa da gawo su ne suka fi yawa a arewa, amma yana dosar Dogon Daji, ya wuce zuwa ƙasar Kuchi da Margai, sai itatuwa su ƙara kauri, ɗorawa da kaɗanya su fara bayyana a tsakiyar gonaki. Wannan yanki shi ne gefen arewa na ɗamarar kaɗanya, wadda ta ratsa ƙasashe kusan 21 tun daga Senegal har Yuganda. Zama a gefe kuwa na da hatsarinsa, domin in ruwan sama ya ja baya ko gatari ya yi yawa, nan ake fara ganin giɓi.

Kaɗanya ba ta gaggawa. Sai ta kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kai ganiyarta sai ta doshi 40 ko 50, daga nan kuma tana iya ci gaba da bayarwa har shekara 200 ko fiye. Tana fure da rani, lokacin da ƙudan zuma ke rububinta, 'ya'yan su nuna a farkon damina, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta. Wanda ya san ƙauye ya san me wannan lokaci ke nufi. Rumbu ya yi ƙasa, an yi shuka, sabon gero bai iso ba. A daidai wannan gaɓa ce kaɗanya ke zubo da 'ya'yanta masu zaƙi, yara da manoma su sha su kashe yunwa, a tara ƙwallon a kai gida.

Ba a kaɗo ta, tsinta ake yi. Wadda ta nuna ita ke faɗowa da kanta, shi ya sa aikin na masu sammako ne. Ana idar da sallar asuba mata da 'yan mata ke fita da ƙwarya ko roba, wani lokaci da tocila a hannu, suna laluben ciyawa mai raɓa a gindin itace. A cikin ciyawar nan akwai kububuwa, akwai kunama, kuma yawancin masu tsintar silifas ne a ƙafarsu, hannu kuma tsirara. Wadda ta makara sai ta tarar awaki ko wata maƙwabciya sun riga ta. Kafin rana ta take sun dawo da kaya a ka, ga kuma aikin gida na jiransu.

Asalin wahalar a gida take. A cire naman, a dafa ƙwallon don kada ya tsira, a shanya shi kwanaki ana kwashewa duk lokacin da hadari ya taso. In ya bushe har ana jin ƙwayar na kaɗawa a ciki, a fasa ɓawon, a sake shanyawa. Sannan a daka a turmi, a soya a tukunya ana juyawa har ƙamshi ya tashi, a kai inji a niƙa, ko a durƙusa a kan dutsen niƙa inda babu inji. Abin da ke fitowa wani ƙulli ne mai kauri, ja-ja baƙi-baƙi. Nan ne gwaninta ke nuna kanta. Mace za ta zauna da babbar roba a gabanta, ta zura hannu har gwiwa, tana bugawa tana yayyafa ruwa, wani zubin mai ɗumi wani zubin mai sanyi, ba ta tsayawa, har ƙullin ya fara washewa, farin kumfa ya taso ya yi iyo a sama. Da hannu take jin lokacin ƙara ruwa, babu ma'auni. A kwashe kumfar a wanke, a tafasa har ruwan ya ƙone man ya tsaya, a tace, a zuba a ƙoƙo ko ƙananan robobi ya daskare. Kilo uku zuwa huɗu na busasshiyar ƙwaya ne ke ba da kilo guda na mai ta wannan hanya.

Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Uwa ce ke koya wa ɗiya, ɗiya ta tafi da shi gidan miji.

Man kaɗe kuwa da shi ake tarbar ɗan Adam a wannan ƙasa. Ungozoma na shafa wa jariri, mai jego na amfani da shi, mai ɗori ba ya rabuwa da shi wajen karaya da targaɗe. Da hunturu shi ne maganin faso da kaushi, in mura ta toshe hanci a ɗan lakata a shafa. Da shi ake miya da tuya a gidaje da yawa kafin man gyaɗa da manja su cika kasuwa, shi ake zuba wa fitilar aci-bal-bal, yana kuma shiga sabulun salo. Ko baƙi na nesa sun shaida haka tun da daɗewa. Ibn Battuta ya ga ana amfani da man a daular Mali a tafiyarsa ta 1352, Mungo Park ya yaba shi a ƙarshen ƙarni na 18, har masana tsirrai suka daɗe suna kiran itacen da sunan da aka ɗauko daga nasa.

Kuɗin na can, wahalar na nan

Da yawa daga cikin matan da ke wannan aiki ba su taɓa jin inda ƙwallon da suka sayar wa ɗan kasuwa a mudu ke ƙarewa ba. Mafi yawan kaɗanyar da ke fita daga Afirka ta Yamma masana'antun abinci ke saye, musamman masu cakulan. Tun a shekarar 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa har kashi 5 cikin 100 na wasu mayukan itatuwa a cakulan a madadin man koko, kuma man kaɗanya na cikin jerin. Saura kuma ya tafi kamfanonin man shafawa da sabulu, su sa shi a kwalba mai ƙyalli, ya dawo kantunan Abuja da Legas da farashin da mai tsintar ba za ta iya biya ba. Ƙungiyar Global Shea Alliance, wadda aka kafa a 2011 da hedikwata a Accra, ta ƙiyasta cewa mata miliyan 16 ne ke tsinta da sarrafa kaɗanya a faɗin nahiyar.

Nijeriya ce kan gaba wajen yawan kaɗanya, amma a wajen cin moriya tana can baya. Gwamnatin tarayya da bakinta ta faɗa: ƙasar na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta bai kai kashi 1 ba a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5. Wannan ne dalilin da aka bayar a ƙarshen Agustan 2025, lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da cewa Shugaba Bola Tinubu ya amince a dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, domin a tilasta sarrafa shi a gida. Burkina Faso da Mali sun riga sun ɗauki irin wannan mataki a 2024. A cikin watan na Agusta ne kuma aka buɗe wata babbar matatar man kaɗanya a Kudu, ƙaramar hukumar Mokwa ta jihar Neja.

Manufar mai kyau ce, babu mai ja. Sai dai sanarwar ta faɗo ne a ƙarshen kakar tsinta, lokacin da kaya ke hannun mata da ƙananan dillalai, farashi kuma ya rikito nan take. Mai matata ya samu kaya da araha. Matar da ta yi wata uku tana sammako ita ta ɗauki asarar. Kuma tsakanin Kebbe da Mokwa tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Muddin babu wurin sarrafawa a kusa, babu ƙungiyar da za ta tara kayan matan ƙauye goma ta yi ciniki da murya ɗaya, to ɗan kasuwar da ya zo da mota ranar kasuwa shi zai ci gaba da yanke farashi, su kuma su ce "Allah ya sa albarka" don ba su da zaɓi.

A nan ne hatsarin yake. Itacen da ba ya kawo wa mai gona kuɗin kirki, gatari ne makomarsa. Icen kaɗanya na da nauyi da ƙarfi, masu sassaƙa na son shi don turmi da taɓarya, masu gawayi kuwa sun san yana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna ci. Tun da kalanzir da gas suka yi tsada, buhunan gawayi suka yawaita a bakin manyan hanyoyin arewa. Itacen da ya shekara 60 yana tsaye ana iya kayar da shi a wuni guda, ya zama 'yan buhuna, kuɗin su ƙare kafin mako ya zagayo. A da manomi in yana sassabe yakan tsallake kaɗanya da ɗorawa, kuma ana barin gona ta huta shekaru, a lokacin ne ƙananan itatuwa ke samun damar tasowa. Yanzu jama'a ta yi yawa, gona ba ta hutawa, garmar shanu da tarakta na tumɓuke duk abin da ya tsiro. Tsofaffin itatuwan da suka rage kuma kauci na cin su. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta riga ta sa kaɗanya a jerin itatuwan da ke fuskantar barazana.

Ga kuma matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara da gabashin Sakkwato sun taɓa ƙauyukan Kebbe a 'yan shekarun nan. Sana'ar da ke buƙatar mace ta shiga dawa da duku-duku tana cikin na farko da irin wannan fargaba ke kassarawa.

Biki ba baƙon abu ba ne a nan

Wani zai ce ana fama da waɗannan, ina zancen biki? Amsar tana maƙwabta. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asalinsa na zamani ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta ɗinke tsohuwar ɓaraka tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Abin lura a Argungu shi ne dokar da ke bayan shagalin: ana hana kamun kifi a wani sashe na kogin Matan Fada har sai ranar biki, don kifi ya samu ya girma. Wato bikin ne ke tsaron kogin. A Zuru Dakarkari na da Uhola ta godiyar kaka. A cikin ƙasar Tambuwal kanta an san kamun kifi na Romo. Ƙauyukan Hausa kuma sun daɗe da kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida, da kokawa da dambe a filin gari. Ba dabarar taro aka rasa ba.

A Nijar ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce kuma ranar dashen itace, shugabanni da talakawa kowa ya dasa. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture da tohon da ya fito a gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Hausawa ne suka yi wannan, a ƙasar da ta fi Kebbe ƙarancin ruwa. Dabarar kuma ta dace da kaɗanya ƙwarai, tun da ita itace ce da ta fi son ta tsiro da kanta a kiyaye ta. Ga mai son dashe kuma, cibiyar bincike ta NIFOR na da reshe a Bida da ke aiki kan kaɗanya, kuma masana sun nuna cewa ta hanyar aure, wato ɗaura reshen babbar itace a kan ƙarama, ana iya rage shekarun jira sosai.

Bikin kaɗanya a Kebbe ko Tambuwal ba ya buƙatar biliyoyi. Fili ne, da rumfuna, da izinin sarakuna. A kira matan Kuchi da Sangi da Ungushi, da na Jabo da Sanyinna da Dogon Daji, kowace ta zo da man da ta yi, tsofaffin gwanaye su duba fari da ƙamshi da tsabta, a ba ta ɗaya injin niƙa, a raba wa saura takalman roba da safar hannu saboda maciji. A gayyato masu matatu da masu sabulu su ga kaya su yi ciniki kai tsaye, a bainar jama'a, kowa ya ji farashi. A karrama manomin da ya fi yawan ƙananan kaɗanya a gonarsa, don mutane su ga cewa barin itace abin alfahari ne. Malamai su yi wa'azi kan ladar dashe da zunubin ɓarna, abin da ba sai an nemo musu hujja daga waje ba. Uwa uba, a wannan rana hakimai da dagatai su shelanta a gaban kowa cewa sare kaɗanya mai rai don gawayi laifi ne a ƙasarsu, su faɗi tarar. Dokar da aka faɗa a gaban taron gari ta fi wadda ke cikin fayil a sakatariya tasiri.

Kuma yankin ba marayan manya ba ne. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta tura Aminu Waziri Tambuwal majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya zama kakakinta a 2011, ya yi gwamnan jihar shekara takwas, sannan ya tafi majalisar dattawa a 2023. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da masana gandun daji da za su iya ƙirga itatuwan da suka rage a ƙananan hukumomin biyu, su nuna inda giɓin ya fi yawa. Wannan ƙidayar ita ce aikin da ya kamata a fara da shi.

Ko ranar ma ba sai an sha wahalar nema ba. Global Shea Alliance ta riga ta ware 16 ga Yuli a matsayin ranar kaɗanya, kuma ta faɗo daidai tsakiyar kakar tsinta, lokacin da ƙasa ke da laimar da za a yi dashe. In an ga damina ta yi wa manoma cunkoso, a ɗaga shagalin zuwa bayan kaka, lokacin da sabon mai ya cika kasuwa, a bar Yuli ga dashe da ƙidaya. Kira dai na ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da sarakunan yankin, da ƙungiyoyin mata: su zauna tun yanzu su tsayar da rana da wuri, kafin kakar tsinta mai zuwa.